Gumbar Khala Kulu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke ƙasan buhu tun ba a kwance bakinsa ba.

Ku 'ya'yana huɗu nake yi wa wannan magana, Bashir da Hadiza da Sani da Maryama. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba, saboda haka na zaunar da autata Maryama tana rubutawa, kuma na gaya mata in ta gyara mini magana ɗaya zan gane ranar da aka karanta mini. Abin da ya tayar da ni shi ne ranar Babbar Sallar da ta wuce, muna gidan Bashir a unguwar Bani Malik, nan Jidda, matarsa ta buɗe firij ta tarar madara ta lalace. Sai ta ɗago robar tana toshe hanci ta ce, "Halas, shi ke nan, wannan ta zama gumbar Khala Kulu." Falo ya ɗauki dariya, har jikokin da ba su jin Hausa sosai sun san wannan kalma, tunda Khala da Larabci ƙanwar uwa ke nan. Nafisa, 'yar marigayiya ƙanwata Kulu, tana zaune a ƙasa tana yanka albasa. Ta yi murmushi irin na wadda ta saba, ba ta ɗago kai ba. Ni na ga wuƙar ta tsaya a hannunta kafin ta ci gaba. Ba abin da ke wuce idona, kun sani. To ku zauna ku ji inda kalmar ta fito.

Iya, kakarmu ta wajen uwa, ita ta rene mu ni da Kulu a unguwar Hindawiyya bayan rasuwar mahaifiyarmu. A kan hanya aka haife ta, iyayenta na tahowa da ƙafa daga ƙasar Hausa, ta girma a Sudan, aure ya ƙetaro da ita teku zuwa Jidda. Ba ta zo da zinariya ba. Ta zo da ƙoƙon awo guda ɗaya, ƙarami, ya yi baƙi saboda hannaye, an ɗinke tsagarsa da zare a wuri biyu, da kuma sana'ar da ta ce matan gidanmu suna yi tun zamanin da ba a san bindiga ba: haɗa guzuri. Ta ce kakanninmu mata su ne ke shirya wa rundunar garinsu abinci in za a fita yaƙi. In muna surfe a tsakar gida sai ta jingina da bango ta fara, mu kuwa taɓarya ba ta tsayawa.

"Ku in an ce yaƙi sai ku tuna takobi," in ji ta. "Namiji ya kwana biyu bai ci ba, ki miƙa masa takobin ki ga ko zai iya ɗaga shi."

A bakinta na ji cewa ba a fita sai an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, rafuka sun janye, hanya ta bushe. Wata guda kafin a buga tambari, turmi ya riga ya fara, unguwa-unguwa mata na daka daga hantsi har la'asar. Kowane mayaƙi yana rataya burgaminsa da abin da zai riƙe shi kwana bakwai ko goma: busasshiyar gumba da aka daka da citta da masoro, kilishi, tsamiya, ɗan gishiri da daddawa. A bayansu jakuna da takarkarai ɗauke da taiki-taiki na gero da dawa da salkunan ruwa, sai garken shanu da awaki ana kora su, naman da ke kai kansa da ƙafarsa. Doki shi ne babban mai ci. Shi kaɗai yana shanye ruwan da zai ishi gida guda, sai an bi shi da masu yankan ciyawa da masu ɗaukar kanwa. Masu leƙen hanya rijiya suke fara nema kafin su nemi abokan gaba. Takarkarin ma yana cin abin da ya ɗauko, in hanya ta yi nisa sai ya isa da taiki fanko. Shi ya sa ake ɗora wa ƙauyukan hanya dammunan hatsi, inda aka ƙi bayarwa a kwashe da ƙarfi. Iya ba ta ɓoye wannan. Takan ce kowace runduna da ta ƙoshi, akwai ƙauyen da ya kwana yana kuka a bayanta. Kuma in an kewaye gari, na waje ne ke fara jin yunwa, don na ciki suna da rumbuna da rijiyoyi a bayan ganuwa. Gumba kuwa darajarta ita ce ba ta son wuta. Hayaƙi yana nuna wa abokin gaba inda kake, ita kuwa ka fasa curi a ƙoƙo, ka zuba ruwa, ka sha, ka tashi.

Sai ta zo kan wurin da ta fi maimaitawa. Ta ce aikin guzuri na mata biyu ne, mai awo da mai hannu. Mai awo ita ke riƙe ƙoƙo, ta auna gero da kayan yaji, ta haɗa, ita ake sani, ita ake aiko wa zane daga fada. Mai hannu kuwa aikinta ɗaya: kafin a ɗinke bakin taiki sai ta zura hannunta ciki har gwiwar hannu, ta tsaya shiru. In ta ji ɗumi a tsakiya, ko ta fasa curi ta tarar cikinsa da danshi, sai ta ce a zazzage a sake shanyawa, ko da runduna na tsaye a ƙofar gari tana jira. Ta ba mu labarin wata runduna da ta kai wa wani gari hari, da aka buɗe taikunan baya aka tarar duk funfuna, maza suka watse kowa ya kama hanyar gida ba a harba kibiya ko ɗaya ba.

"Wa kuke jin aka nema da aka dawo?" Iya ta tambaye mu.

"Mai awo mana," in ji Kulu.

"A'a, 'yar nan. Mai hannu. Mai awo tana iya kuskure, aiki ya yi mata yawa. Mai hannu don kuskuren aka ajiye ta."

Na girmi Kulu da shekara uku. Ni ce mai daka, ni ce mai ɗaukar buhu daga kasuwa, ni ke tashi in ga tsatsa a kasko tun ba wanda ya gani. Kulu kuwa dariya take, ta zubar da wannan, ta manta wancan, ta tsaya hira da maƙwabta gero na jiƙe. Amma in ta sa hannu a abinci sai ya yi daɗi. Gero ɗaya, citta ɗaya, turmi ɗaya, tata a shanye a lashe ƙoƙo, tawa a sha a ce an gode. Tun ina yarinya wannan abu yake cina. Da Iya ta kwanta ciwon ajali, mu duka mun yi aure a lungu ɗaya, ta kira mu wata rana da hantsi. Ta zaro ƙoƙon daga ƙarƙashin matashinta. Wallahi har na gyara zama na buɗe tafin hannuna a kan cinya. Sai ta miƙa wa Kulu.

"Ke ce mai awo," ta ce mata. Ta juyo gare ni. "Ke kuma Rakiya, Allah ya ba ki ido da hannu. Kada a rufe komai sai kin taɓa."

"Ni me za a ba ni, Iya?"

"Me za a ba ki? Hannun na jikinki."

Kulu ta yi dariya cikin hawaye. Ni ban yi ba. Na fita na wanke kwanonin da na riga na wanke.

Shekarun da suka biyo baya sunan Kulu ya cika unguwa. Alhazai 'yan ƙasar Hausa da ke sauka Jidda, tsofaffin da cikinsu bai saba da shinkafar nan da burodi ba, sai a ce musu ku je wajen Hajiya Kulu mai gumba. Gidana na kallon nata. Ta taga nake ƙirga takalman baƙi a ƙofarta, in ga wa ya shiga da ƙullin kuka, wa ya shiga da turmin atamfa. Duk lokacin da za ta rufe buhu sai ta aiko a kira ni, in je in zura hannu, in ce a ƙara masa rana guda, ko in ce ya yi. Ban taɓa kuskure ba. Ba kuma wanda ya taɓa cewa sannu Rakiya. Matan da ke taya ta aiki suna tsammanin wata al'ada ce ta girmama babbar ya, kamar yadda ake ba tsohuwa jariri ta riƙe. Ni da Kulu kaɗai muka san abin da hannun ke yi. Har babanku, Allah ya ji ƙansa, wata rana da azumi na dama masa tawa, ya kurɓa ya ajiye ya ce, "Ba sauran ta Kulu a gidan ne?" Bai san abin da ya yi ba. Amma kwana uku miyarsa ba gishiri.

Shekarar da nake son ku sani, aikin hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, lokacin da iskar teku ke kwanciya a kan Jidda kamar jiƙaƙƙen bargo. Bango na gumi, gishiri na narkewa a gwangwani, ka shanya zane kwana biyu ka ɗauko shi da sanyi. Malam Sale, limamin masallacin lungunmu, ya yi baƙi daga gida, tsofaffi maza da mata, in an haɗa da mutanen unguwa da za su bi su sun haura hamsin. A lokacin mutanen unguwa kan ɗauki mota su tafi da guzurinsu. Malam ya tako da kansa har ƙofar Kulu, ina kallo ta taga, ya ce ita za ta riƙe cikin mutanen nan daga fitarsu har dawowarsu. Ba a taɓa ba ta aiki mai girman wannan ba. Mata takwas suka yi mako suna daka. Aka mulmula gumba manya-manyan curi aka shanya a saman rufin gidanta kwana uku, kamar yadda Iya ta koya mana. Amma kwana ukun Iya na ƙasar da rana ke busar da komai ne. Sannan mijin Kulu, da yake aiki a tashar jiragen ruwa, ya kawo mata barmil uku na roba, shuɗɗa, masu murfi da ke kamawa gam. Kulu ta yi murna, ta ce ba ƙura, ba tururuwa, ba ɓera. Iya a buhun algarara take zubawa, mai shan iska.

Saura kwana goma sha biyu a tafi, bayan la'asar, Kulu ta aiko a kira ni. Na tarar tsakar gida cike da mata, an cika barmil ukun, ana ta shewa. Na naɗe hannun riga na zura a na farko. Tun ban kai gwiwar hannu ba na ji shi, ɗumi irin na hammatar yaro mai zazzaɓi. Na zaro curi daga ƙasa na fasa shi a tafina, na juya wa mata baya. Bayansa ya bushe ƙamas, cikinsa kuwa duhu, yana manne wa yatsa. Na biyu haka, na uku ya fi. Na san abin da zai faru in an rufe, kamar yadda na san sunana. Na buɗe baki zan ce a zazzage. Daidai nan wata maƙwabciyarmu, Hajiya Delu, ta rangaɗa guɗa ta dafa kafaɗar Kulu.

"Kai, Iya ta san wadda ta ba ƙoƙo! Da wata aka ba, da alhazai sun sha magani a Arfa!"

Mata suka fashe da dariya. Ba ta kalle ni ba, watakila ma ba ni take nufi ba. Na murƙushe curin a hannuna na jefa a baki na haɗiye.

"Yaya, ya kika ji?" in ji Kulu.

"Ya yi."

Ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Kin tabbata? Iskar nan ba ta kwanta mini a rai ba. In a ƙara masa rana ne ki faɗa, ba komai."

"Na ce ya yi. Ko ke za ki koya mini? Yalla, maza rufe."

Ta ce to. Da hannunta ta buga murfin uku, ni na taya ta danna na ƙarshe.

Maryama, rubuta wannan da kyau, don shi ne mafi muni. Da na koma gida ban zauna ina nadama ba. Washegari na sayo gero. Ni kaɗai na daka, ƙofa a rufe. Na yi tawa ƙanana, na lailaye su faifai-faifai, ban yarda da rana ba, a kasko na busar da su bisa garwashi, kaɗan-kaɗan, kwana tara, har sai na jefa ɗaya a ƙasa na ji ya yi ƙara kamar tsakuwa. Buhun algarara biyu na cika. Babanku ya ce wannan duk na mene ne, mu biyu kaɗai za mu tafi. Na ce masa hanya ba a raina ta. Na riƙa gaya wa kaina wai tanadi nake don kada tsofaffi su wahala. Ƙarya ce. Mai tausayin tsofaffi taku goma ne tsakaninta da gidan Kulu, ta je ta ce buɗe barmil. Kwana tara ina wucewa ta gabansu a zaurenta, ina gaishe ta, tana ba ni shayi.

Ranar farko a Mina an ci abin da kowa ya riƙo daga gida. Ranar Arfa da hantsi, rana ta fara dukan tanti, Malam Sale ya ce a dama wa mutane gumba su samu ƙarfin tsayuwa. Kulu ta fito da ƙoƙon Iya daga jakarta, ta yi bisimilla, ta ɓalle murfin farko. Warin ne ya fara fitowa, tsami da ruɓa, har na kusa suka ja da baya. Saman ya yi fari kamar auduga, ƙasa kore da baƙi, curin duk sun narke sun haɗe. Ta buɗe na biyu da sauri, ta buɗe na uku. Sai ta zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, ƙoƙon a cinyarta. Tsofaffi sun yi layi da kwanoninsu, wani tsoho ɗan Damagaram da ba shi da haƙori ko ɗaya yana gaba, ya leƙa barmil ya leƙa kwanonsa.

"Hajiya Kulu," in ji Malam Sale, "ba a duba ba ne kafin a rufe?"

A hankali ya faɗa, ba da faɗa ba. Kulu ta ɗago ta dube ni. Ni ma na dube ta. Ban kawar da kai ba, ban iya wannan ba ko a lokacin.

"Laifina ne, Malam," ta ce. "Ni na zuba a roba."

Hajiya Delu, mai guɗar nan, ita ta fara. "To ai ga zamani! Muna da buhu tun kakanni, an ce sai barmil. Yau sai mu dafa barmil ɗin mu ci."

Na bari aka yi ta salati, aka tura maza neman burodi, wata tsohuwa ta fara kuka tana cewa ita cikinta ba ya karɓar komai sai gero. Sai da na ga kowa ya yanke ƙauna, sannan na ce, "Malam, akwai ɗan abin da na riƙo." Babanku ya jawo buhunan daga ƙarƙashin kayanmu. Da aka kwance aka ji ƙarar gumbar tana zuba a faranti, sai tantin ya ɗauki kabbara. Buhu biyu ba za su ƙosar da mutum hamsin ba, sai an bi tsarin Iya: marasa lafiya da marasa haƙori tukuna, sannan tsofaffi, masu ƙarfi su haɗa da dabino da burodi, kowa awo ɗaya, ba ƙari. Ana neman abin awo, Kulu ta taso ta karkaɗe zanenta.

"Ungo, Yaya. Auna."

Na karɓa. Shekara goma sha ɗaya ina jiran nauyin ƙoƙon nan a hannuna, ashe ba shi da nauyin komai. Tsohon nan ɗan Damagaram ya sha nasa, ya suɗe kwano da yatsa, ya ɗaga hannuwansa biyu a filin Arfa, ya kira sunana ya yi mini addu'a, mutane na cewa amin. Kulu na cikin masu cewa amin. Na ji muryarta daban.

Ba ta sake karɓar ƙoƙon ba. Bayan mun dawo na kai mata sau ɗaya, ban kuma nace ba. Labari ya riga mu isa unguwa. Takalman da nake ƙirgawa a ƙofarta suka dawo ƙofata, ni aka koma kawo wa kuka da atamfa. Da babanku ya kwanta ciwon da ya ɗauke shi shekara shida, da wannan sana'a na ciyar da ku, da ita aka sabunta muku iƙama, takardar zaman ƙasa, da ita Hadiza ta shiga ɗaki. Kulu kuwa ta bar turmi gaba ɗaya. Ita da mijinta suka koma unguwar Kurayyat, ta shiga aikin shara da wanke-wanke a gidajen mutane, shekara da shekaru, har ruwan wanki ya cinye mata fatar hannu, hannun nan da in ya taɓa gero sai ya yi daɗi. Kada ku ce samun ƙoƙon ya kwantar mini da rai. Wata tsohuwar mai saye ta taɓa ce mini, "Taki ba ta lalacewa, Hajiya, amma ta Kulu ce ake tunawa." Kuma kalmar da kuke dariya da ita, ba matar Bashir ta ƙirƙiro ta ba, ba Hajiya Delu ba. Ni ce. Wata rana tuwo ya kwana ya yi tsami, kuna ƙanana kuna zaune, na ce ya zama gumbar Khala Kulu. Kuka yi dariya, ni kuma na ji daɗi.

Shekara huɗu ke nan da na je duba ta a gidan Nafisa, da safe, tana kwance jiki ya ƙare. Nafisa ta shiga kicin. Na zauna a bakin gado ina yi mata faɗa a kan tagar da aka bari a rufe. Sai ta kamo hannuna na dama, ta tura hannun rigar sama har gwiwa, ta riƙe da yatsunta masu kaushi.

"Hannun nan bai taɓa kuskure ba, Yaya."

Na dube ta.

"Buhu biyu," ta ce. "Ku biyu ke tafiya. Kuma a kasko kika busar, na ji ƙamshin garwashi a jikinta. Wanda ya yarda da rana ba ya hura garwashi kwana tara."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina zaune a tsakuwar nan."

"To me ya hana ki faɗa? Malam ya tambaye ki, bakinki ciwo yake?"

"In ce me? Tsofaffi na shan abincinki a Arfa suna sa miki albarka, in tashi in ce yayata ce ta yi shiru? Su zubar ko su haɗiye? Bayan nan kuma mijinki Malam Idi ya kwanta, yara huɗu na kallon hannunki." Ta yi tari, ta yi 'yar dariyar nan tata. "Amma har yau citta tana yi miki yawa. Rabin ƙoƙo Iya ta ce, ke sai kin cika."

Kun san uwarku. Ba ta iya neman gafara ba. Abin da na ce shi ne, "Kin rame. Ba sa ba ki abinci ne a gidan nan?"

"Na yafe, Yaya," ta ce. "Ba sai kin wahalar da kanki ba."

Kafin wata ya ƙare ta rasu. Kuna tsammanin na fito daga ɗakin nan da sanyin zuciya? A motar Sani na dawo, ina kallon titi, abin da ke cina shi ne: shekara talatin tana riƙe da abin da za ta rusa ni da shi da kalma ɗaya, tana goge tayal ɗin mutane, tana zuwa sunan 'ya'yanku da kwanon abinci, tana jin kuna tsokanarta da gumba tana taya ku dariya. Ni na karɓe mata ƙoƙo, na karɓe mata suna, na karɓe addu'ar Arfa, amma ta tafi da abin da ban san inda ake samunsa ba. Ko a nan ta fi ni. Har yau in na tuna sai in ji ƙyashin nan ya taso mini kamar ranar da Iya ta zaro ƙoƙo daga ƙarƙashin matashi.

Ga abin da za ku yi, kuma ba shawara nake nema ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ku huɗu da matanku da mazanku da 'ya'yanku za ku raka ni Kurayyat, gidan Nafisa. Ƙoƙon yana cikin akwatina, naɗe da farin ƙyalle. Bashir zai ɗauka, ni zan miƙa wa Nafisa da hannuna. Maryama za ta karanta wannan takarda a gabanta daga farko har ƙarshe, wanda ba ya jin Hausa a juya masa da Larabci, kada a tsallake layi. Abin da Nafisa za ta ce mini, nata ne, kada wanda ya tare ta. Daga ranar kuma duk wanda madararsa ta lalace, in dole sai ya kira sunan wani, ga nawa nan.

Maryama ta ajiye biro tana share ido, tana tambayata wai ko ta cire wurin da na ce har yanzu ina ƙyashin Kulu, tunda ta rasu, kuma mutane za su ji. Na ce ta bar shi inda yake. Na zura hannu har gwiwa, abin da na tarar ke nan, kuma wannan karon ba zan ce ya yi ba.